Sharhi: A Bar Karfasar Usuma Ta Yi Ƙwai

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Wanda ya buɗe famfo a Maitama ko Wuse da safen nan, ruwan Usuma ya tara. Madatsar tana can Ushafa, a yankin Bwari, tsakanin duwatsu, kuma idan ta ja baya, daga Gurara ta jihar Kaduna ake turo mata ƙari ta bututu. Mu 'yan birni ruwan sha kawai muka san ta da shi. Masunci kuwa gonarsa ce, haka ma mai banda da mai gasa kifi.

To, gona ai sai da iri. Ku ji yadda wani nau'in karfasa yake haihuwa. Namijin ne ke share gurbi a gefen ruwa inda babu zurfi. Macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta, ta yi kwanaki tana azumi har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, da sun ji motsi sai su koma bakin uwarsu. Saboda haka wanda ya ja taru a gefen ruwa lokacin da kifi ke ƙwai, a kwando karfasa ɗaya zai gani, alhali ɗaruruwa ya kashe. Balle mai kamu da gidan sauro, wanda aka raba don maganin zazzaɓi, shi ko ɗan tsako ba ya bari.

Doka tana nan tun 1992. Ta hana kamun kifi da guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci uku, sai ga wasu 'yan ƙananan kifaye da ta ware. A ruwan da miliyoyin mutane ke sha, zancen zuba gamalin, gubar nan ta kashe ƙwari, ma bai kamata ya taso ba. Sai dai takarda ba ta gadin ruwa. Jami'i ya tashi aiki ƙarfe huɗu, masunci kuma da asuba yake fita.

Kakanninmu sun fi mu dabara a nan. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake sai lokacin bikin kamun kifi, kuma ba soja ke tsaron sa ba, maganar Sarkin Ruwa ce. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an kama wa mutum ɗauka.

Abin da muke gani shi ne, hukumar ruwa ta Abuja ta zauna da shugabannin masunta, a ware gefunan da kifi ke ƙwai, a rufe su farkon damina. Masuntan su zaɓi masu gadi daga cikinsu, domin su suka san wanda ke fita da dare. Mai ƙaramar koma kuma a karɓi tasa, a ba shi mai inci uku kafin ranar da za a sake buɗe ruwan.