Darasi: Idan Sassa Biyu na Manhaja Suna Jiran Juna

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau ya shafi matsalar da kan taso idan an raba manhaja gida-gida, ana harhaɗa kowane fayil shi kaɗai. Ku ɗauka akwai sashen Ɗalibi da sashen Aji. Ɗalibi yana buƙatar sanin ajinsa, Aji kuma yana riƙe da ɗalibansa, saboda haka kowanne ya shigo da ɗan'uwansa.

A harshen C, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da kuka rubuta zuwa harshen na'ura, tana karanta fayil ne daga sama zuwa ƙasa, kuma ba ta yarda a yi amfani da sunan wani nau'i kafin a sanar da ita shi. Mutane da yawa suna zaton shingen #ifndef da ake sawa a saman fayil zai warware wannan, alhali aikinsa kawai shi ne hana karanta abin da ke cikin fayil ɗaya sau biyu, don kada fayilolin su yi ta shigo da juna ba iyaka. Da shingen ya tsayar da zagayen, sai fayil na biyu ya ci karo da sunan da ba a kai ga bayyana shi ba, kwamfaila ta ce ba ta san shi ba.

Magani shi ne sanarwar gaba: ku rubuta struct Aji; a saman fayil ɗin Ɗalibi, ba tare da bayanin cikinsa ba. Sai dai ku lura, wannan yana ba ku damar ajiye manuni zuwa Aji ne kawai, wato adireshin inda Aji yake a ma'ajiyar na'ura, domin girman manuni sananne ne, galibi bait 8 a na'ura mai bit 64. Idan kuka sa Aji sukutum a cikin Ɗalibi, kuskuren zai dawo, tunda dole kwamfaila ta san yawan wurin da za ta ware.

Dabarar tsohuwa ce. Harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a 1970, yana da kalmar forward don ayyukan da ke kiran juna. Python kuwa sai lokacin gudanarwa take ƙorafin cewa sashen bai gama lodawa ba.

Harshen Go ya haramta zagayen shigowa gaba ɗaya, kuma a ganina ya yi daidai. Idan sassa biyu sun kasa rabuwa, ku ciro abin da suka yi tarayya a kai, ku zuba shi a sashe na uku wanda ba ya shigo da ko ɗaya daga cikinsu. Yanzu ku buɗe fayil ɗin Ɗalibi mu gwada tare.