Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ziyarar da Ya Kawo Sashen Kula da Idanu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugaban asibiti, manyan likitoci, malaman jinya, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da sauran manyan baƙi.

A madadin ma'aikatan wannan sashe, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe, kai da 'yan rakiyarka. Mun san hidimomi sun yi maka yawa, saboda haka ware mana wannan lokaci ba ƙaramin karamci ba ne. Allah ya saka da alheri.

An saba idan babban baƙo ya zo sashen ido a yi masa zancen yanar ido da hawan jinin ido, don masu su ne ke cika layi. Yau wata matsala muke son kai wa gabanka wadda masu ita ba su da yawa, amma kwana biyu kan ishe ta ta tafi da ido: bakteriyar da ke shiga cikin ƙwayar idon mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni. Ina nufin masu ciwon suga da bai saitu ba, masu ɗauke da HIV da adadin CD4 ɗinsu, wato ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, ya faɗi ƙasa da 200, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, masu karɓar maganin daji, da waɗanda suka daɗe suna shan sitiroyid, maganin rage kumburi da ke danne garkuwar jiki.

A irin waɗannan mutane, sau da yawa ba daga waje cutar ke shigowa ba, jini ne ke kawo ta. Tana iya tasowa daga ƙurji a hanta, ko ciwo a cikin zuciya, ko robar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya. Tun a 1986 likitoci a Taiwan suka ba da rahoton yadda bakteriyar Kilebsiyela ke tashi daga ƙurjin hanta ta sauka a ido, kuma an fi ganin hakan ga masu suga. To, irin wannan majinyaci ba wurinmu yake fara zuwa ba. Yana kwance a wani ɗakin ana fama da zazzaɓinsa, ya ce yana ganin hazo, a ce masa jiki ne, zai washe. Da yake garkuwarsa ba ta da ƙarfin tayar da ƙura, idon ba lallai ya yi ja sosai ko zogi ba. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a ɗauka kumburi ne kawai a ba shi sitiroyid na ɗigawa, wanda ke ƙara buɗe wa cutar hanya.

Akwai kuma wasu nau'o'in bakteriya da likita kan yi shekaru bai haɗu da su ba. Nokadiya, wadda likitan dabbobi ɗan Faransa Edmond Nocard ya gano a jikin shanu a 1888, a ƙasa take zaune. Ana shaƙar ta zuwa huhu, daga nan ta wuce ƙwaƙwalwa ko ido. Ba ta saurin tsirowa a ɗakin gwaji, tana iya cin mako biyu ko fiye, alhali an saba zubar da farantin gwaji, wanda ake renon bakteriya a kansa, bayan kwana biyu ko uku a rubuta cewa ba a ga komai ba. Listeriya kuma ta gurɓataccen abinci take shigowa, ta ɗaga matsin ido, ta tara mugunya mai duhu a gabansa, kuma seftazidim, maganin kashe bakteriya da muka saba amfani da shi, ba ya taɓa ta, sai ampisilin. Tunjere ma bai tafi ba. Yana kwaikwayon kusan kowane ciwon ido, musamman ga masu HIV, ga shi gwajin jini mai sauƙi ke tona shi, penisilin ta jijiya na kwana 10 zuwa 14 ke maganinsa.

Aikinmu idan mun yi zargin cutar shi ne mu zuƙo ruwan cikin ido da siririyar allura mu aika gwaji, mu yi allurar bankomaisin da seftazidim cikin idon nan take, wani lokaci a yi tiyatar kwashe ruwan da ya gurɓace. Da awa ake lissafi a nan, ba da kwana ba.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon a ƙarfafa ɗakin gwajinmu ta yadda zai riƙa gwajin jini na bakteriya, ya kuma ajiye faranti tsawon lokacin da ya kamata. Muna roƙon waɗannan magunguna su kasance a hannu dare da rana, tare da na'urar tiyatar cikin ido da horar da masu aiki da ita. Roƙon da ya fi mana muhimmanci kuwa ba kuɗi yake buƙata ba, sa hannunka yake buƙata: umarni ga dukkan asibitoci cewa duk majinyaci mai raunin garkuwa da ke zazzaɓi, in ya yi ƙorafin gani, likitan ido ya buɗe ƙwayar idonsa da maganin ɗigawa ya duba a ranar.

Yanzu, da izininka, za mu fara zagayen daga ɗakin gwaje-gwaje, sannan mu dawo nan mu saurari jawabinka. Barka da zuwa, Allah ya mayar da kai gida lafiya.