Me ya sa aladen ƙiba ke tara kitse maimakon tsoka?

Masu kiwon alade na Billiri, Kaltungo da kewaye, barkanku da aiki. Sau da yawa mutum zai yi wata da watanni yana zuba wa dabba dusa da masara, ranar yanka a buɗe a tarar kitse ya yi kauri, tsoka kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Mahauci ya karya farashi. Abincin bai yi kaɗan ba, abin da ke cikinsa ne bai cika ba.

Tsoka da furotin ake gina ta, shi kuma furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai guda 20 da ake kira amino asid. Jikin alade yana iya haɗa wasu da kansa, amma kusan 10 dole sai daga abinci. Wanda ya fi saurin yankewa a cikinsu shi ne layisin. Ku ɗauki magini da ya tara yashi da bulo amma siminti ya ƙare: aiki ya tsaya, komai yawan yashin. In layisin ya ƙare, ginin tsoka ya tsaya ke nan. Ragowar amino asid ɗin jiki ya rushe su, wani ɓangare ya fita ta fitsari, ƙarfin abincin da ya rage kuma ya koma kitse. Wannan zarnin da ke tashi a ɗakin aladu, wani lokaci kuɗin furotin ɗinku ne ke bin iska.

To, nawa ake buƙata? Ma'aunin da masana kiwo na Amurka suka fitar a 2012 ya nuna alade mai kilo 25 zuwa 50 yana buƙatar layisin kusan kashi 1 cikin 100 na abincinsa. In ya haura kilo 100, buƙatar ta sauko zuwa wajen kashi 0.6. Wato ƙaramin ne ya fi cancantar abinci mai tsada, ba babban ba.

Yanzu mu yi lissafi. A kilo 100 na masara, layisin bai wuce giram 250 ba, dawa ma ba ta kai haka ba. Dusar burukutu da ake yawan dogaro da ita a yankinmu, daga dawar ta fito, saboda haka ba za ta rufe giɓin ba. Ku haɗa kilo 75 na masara da kilo 22 na dusar waken suya da aka tatse mai, za ku samu layisin sama da giram 800. Ku cire waken ku sa tunkuza daidai wannan nauyi, sai ya faɗo zuwa giram 500 da 'yan kai. A takarda furotin ɗinsu kusan ɗaya ne, a jikin dabba kuwa ba ɗaya ba ne. Nan ne masu kiwo da yawa ke ruɗuwa, don gyaɗa ta fi kusa da hannu.

In da ɗanyen waken suya za ku yi amfani, a soya shi tukuna, domin yana ɗauke da wani sinadari mai hana narkewar furotin. Dusar angurya kuwa, duk da Gombe ƙasar auduga ce, a yi hattara da ita: tana da guba mai suna gosifol da cikin alade ba ya jurewa. Rago da sa suna iya ci saboda tumbinsu, har ƙwayoyin da ke cikin tumbin kan haɗa musu amino asid. Alade da kaza ba su da wannan gata.

Namijin da ba a dandaƙe ba ya fi dandaƙaƙƙe saurin gina tsoka, ya fi shi ƙarancin kitse, don haka ya fi shi buƙatar layisin. Ciyar da su abinci iri ɗaya asara ce. Sai dai in ya balaga namansa kan yi wani wari idan an dafa, shi ya sa ake yanka shi kafin ya manyanta.

Akwai garin layisin da na metiyonin (shi ma wani amino asid ne) a shagunan da ke sayar da kayan abincin kaji. Giram 200 zuwa 300 na layisin a kilo 100 na haɗin masara da waken suya ya wadatar. A auna da sikeli, ba da ido ba. A fara cakuɗa shi da mudu ɗaya na dusa, sannan a juya cikin sauran, don kada wata dabba ta cinye rabon 'yan'uwanta.