Abin Dariya a Mutuwar Aure: Lacca a Kan Wasan Divorce

Assalamu alaikum. Malamaina da ke wurin nan, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. An ba ni minti kaɗan, don haka kai tsaye zan shiga.

Wasan da na zaɓa mana yau na Amurka ne, sunansa Divorce, wato saki. Tashar talabijin ta HBO ta fara nuna shi a watan Oktoba na 2016, aka rufe shi a 2019 bayan zango 3. Wata marubuciya 'yar Ailan, Sharon Horgan, ita ta ƙirƙiro shi. Sarah Jessica Parker ta fito a matsayin matar, Frances, shi kuma Thomas Haden Church ya fito a matsayin mijin, Robert, mai wani gashin baki da matar ta tsana kamar me. Suna zaune a wani ƙaramin gari kusa da birnin New York, da 'ya'yansu biyu.

To ga yadda aka buɗe labarin. Ƙawar Frances tana bikin cika shekara 50, ta sha ta yi tatil, faɗa ya kaure tsakaninta da mijinta a gaban baƙi, ta ɗauko bindiga ta harba, mijin ya yanke jiki ya faɗi da ciwon zuciya. A daren nan Frances ta dubi nata mijin ta ce ita fa ta gaji, a rabu. Ashe tana da wani a waje. Ta je wa wancan da albishir, sai ta ga gogan naka ya fara kame-kame. (dariya) Ta dawo gida ta lallashi miji, shi kuma ya gano asirin, ya canza makullan ƙofa, ya bar ta a waje cikin sanyi.

Na san wasunku za su ce, Malam, ina abin dariya a nan? Gaskiyarku. Cin amanar aure ba abin wasa ba ne, kuma marubutan ba a nan suka ajiye barkwancin ba. Sun ajiye shi ne a tsawon hanya. A nan wurinmu, namiji zai iya furta saki da bakinsa ko ya rubuta a takarda, mace ta shiga idda, manya su shiga tsakani, ko a yi kome ko kowa ya kama gabansa. Can Amurka kuwa, sai kotu ta raba. Kaliforniya ce jihar farko da ta yi dokar rabuwa ba tare da ɗora wa wani laifi ba, a 1969, ita kuwa New York sai 2010 ta bi sahu, ita ce ta ƙarshe. Ko da dokar, sai an raba gida, an raba bashi, an tsara ranakun da yara za su kwana wurin wa. Wannan jan ƙafar shi ne gonar da wasan ya noma.

Ku lura da matakan. Sun fara da mai ba ma'aurata shawara, abin bai yiwu ba. Suka koma wurin mai sulhu, da alkawarin ba za a sa lauya ba. Kafin ka ce kwabo kowa ya ɗauki lauya. Su kuma lauyoyin nan da awa ake biyansu, to wa zai so shari'a ta ƙare da wuri? Ana cikin haka asirin Robert ma ya tonu: ashe sana'arsa ta gyaran gidaje yana sayarwa ta daɗe da durƙushewa, bashi ya yi masa katutu, matar ba ta sani ba. Laifi tudu ne, ai kun san sauran.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu son rubuta wasa, shi ne wannan: babu wanda ya san inda zai taɓa ka ka ji zafi kamar wanda kuka yi shekaru kuna kwana ɗaki ɗaya. Frances ta san Robert, Robert ya san Frances, kowa ya maida sanin nan makami. Mai kallo yana dariya ne don ya taɓa jin irin wannan baƙar maganar a gidansu, ko ta katanga daga maƙwabta. Ni kaina akwai wurin da na tsayar da kallon na yi shiru, amma wannan ba na lacca ba ne. (dariya)

Ina da ƙorafi ɗaya. Zango na farko ya fi ɗaci, kuma ya fi daɗi. Na biyu da na uku sun yi laushi, kamar an ji tsoron kada masu kallo su gudu. Ku dubi yadda na farkon ya ƙare. An fara shiri, har an yi musayar ranar ɗaukar yara cikin mutunci. Sai lauyar Frances ta sa aka rufe wa Robert asusunsa. Shi kuma ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, ya ce matarsa ta gudu da 'ya'yansa, alhali da yardarsa ta ɗauke su. Aka tare ta a kan hanya, yaran suna cikin mota suna kallo.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.