Fodkas: Ƙaramin kare mai sana'ar fim da talla

Bala: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa, daga nan Agege muke kamar kullum, in kun ji ƙarar janareto a baya ku yi haƙuri na maƙwabta ne. Ina tare da Kawu Idi da ƙanwata Sadiya mai yi wa 'yan fim kwalliya. Yau maganar kare za mu yi, ɗan ƙaramin kare wanda aikinsa shi ne fitowa a fim da talla, har hoto ake ɗaukarsa da riga a jikinsa.

Kawu Idi: Ni fa da aka gaya min cewa na yi yaran nan sun rasa abin yi. Kare kuma da sana'a?

Sadiya: Kawu wallahi sana'a ce, da idona na gani. Wani shutin muka je a Lekki na tallan kujeru, sai ga wata mata da ɗan farin kare mai gashi buzu-buzu, irin Lhasa ɗin nan da 'yan Legas ke yawan ajiyewa, a cikin kwando ta kawo shi da ruwansa da burushinsa. An liƙa wani ɗan salatif a ƙasa, mak suke ce masa, aikin karen ya taho daga ƙofa ya tsaya daidai kan mak ɗin, ya hau kujera, ya ɗora haɓarsa a kan filo ya kalli 'yar wasan. Aka yi ta maimaitawa saboda ita 'yar wasan ce ke ta manta maganarta, shi kam ko sau ɗaya bai kauce ba, har darakta ya ce da ma duka 'yan wasansa haka suke.

Bala: Toh tana yi masa magana ne ko yaya?

Sadiya: Ina! Ai ana ɗaukar sauti, ba ta isa ta yi tari ba ma. Bayan kyamara take tsayawa tana yi masa ishara da hannu, ta buɗe tafi ya tsaya, ta yi ƙasa da shi ya kwanta. In ana so ya kalli wani gefe sai ta koma can ta tsaya, shi ya sa in ka lura da kyau a fim za ka ga idon karen ba a kan ɗan wasan yake sosai ba, mai horar da shi yake kallo.

Kawu Idi: Ya sha duka ne kawai ɗiyata. Dabba in ta ji sanda dole ta bi.

Sadiya: Nan ne fa Kawu ba mu daidaita ba. Karen da aka horar da duka ba ya yin kyau a kyamara, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse tsakanin ƙafafu, yana ta lasar baki yana hamma, wa zai sayi kujera saboda ya ga kare a tsorace? Su masu talla farin ciki suke saye. Matar nan wani ɗan abu ne a hannunta mai ƙara ƙyas, kilika, da jaka a ƙugunta cike da 'yan gutsattsarin hanta. Lokacin koyarwa da zarar ya yi abin da ake so sai ta danna ƙyas nan take, sannan ta ba shi hanta, ƙarar ita ke gaya masa cewa wannan motsin da ka yi yanzun nan shi ne ya jawo maka nama. In ya yi kuskure ba komai, ba ƙyas ba nama, a sake. Kuma ba a daɗewa, 'yan mintuna ne a huta, sannan gutsure-gutsure ake koya masa, yau ya taɓa mak da ƙafa, gobe ya tsaya a kai, jibi ya tsaya a kai ana hayaniya da fitilu a kansa.

Kawu Idi: Hmm. Toh in haka ne ai ba baƙon abu ba ne. Mu gidanmu gidan farauta ne, kuma ban taɓa ganin mafarauci na ƙwarai yana jibgar karensa ba, in an kama zomo a nan dajin ake fede shi a jefa wa karen kayan ciki tun da ɗuminsu, shi ya sa gobe ma zai bi da ƙarfinsa. Wanda aka cika duka kuwa yana jin ƙarar bindiga ko ihu sai ka neme shi ka rasa.

Bala: Ka ga kenan Kawu da kanka ka rushe maganarka ta farko.

Kawu Idi: Kai dai ci gaba da shirinka.

Bala: Toh bari in kawo na tarihi, don abin ya daɗe a Amurka. A 1939 an yi fim ɗin The Wizard of Oz, akwai ɗan baƙin kare a ciki mai suna Toto, asali karya ce sunanta Terry, irin Cairn Terrier, wani Carl Spitz ne ya horar da ita. Dala 125 ake biya a kanta duk mako, wanda ya fi abin da aka biya da yawa daga cikin gajerun mutanen da suka fito a fim ɗin. Kuma a wurin aikin wani ɗan wasa ya taka ta ta ji rauni a ƙafa sai da ta yi jinya.

Sadiya: Kai Yaya Bala, kare ya fi mutum albashi, wannan ai cin fuska ne.

Bala: Ai kuɗin ba aljihun kare suke shiga ba, na mai horarwa ne, watanni ya yi yana wahala kafin ranar. Sai kuma wani kare Uggie, shi irin Jack Russell ne, shi ne labarinsa ya fi burge ni don mutum biyu suka fara riƙe shi suka ce ba za su iya ba ya cika rawar kai, har ana shirin kai shi gidan ajiye karnukan da ba su da masu su sai wani mai horarwa Omar von Muller ya karɓe shi. Wannan rawar kan da ta sa aka ƙi shi ita ce ta zama jarinsa, don kare mai son wasa da son abinci shi ne ke saurin koyo. Ya fito a The Artist a 2011, ya ci kyautar Palm Dog a bikin finafinai na Kan a Faransa, kyauta ce ta karnuka zalla da aka fara a 2001, sannan a 2012 aka sa ya danna sawunsa a siminti a Holiwud inda manyan taurari ke danna hannu. Ya mutu a 2015.

Kawu Idi: Karen bana shi ke maganin zomon bana, lallai.

Bala: Wani abu kuma da mutane ba su lura ba, sau da yawa ba kare ɗaya ba ne ke taka rawar. Shi kansa Uggie an tanadar masa wasu guda biyu da aka gyara musu launi don su yi kama da shi, koda yake yawancin aikin shi ya yi. A shirin talabijin na Frasier kuwa wani Moose ne ya fara, da ya tsufa ɗansa Enzo ya gaje shi. Kuma in ana so ya lashi ɗan wasa kamar yana ƙaunarsa, niƙaƙƙiyar hanta ake shafa wa mutumin a bayan kunne.

Sadiya: Hahaha ni kam da ni ce 'yar wasan nan da mun raba gari da darakta. Amma ka ga bangaren hoto ma wani aiki ne daban, modelin ɗin nan. Mutum zai zata sauƙi ne tunda tsayawa ce kawai, alhali tsayawar ce wahalar, a sa maka riga ko hula, filashi na walƙiya a idonka, baƙin mutane kewaye da kai, kuma ka zauna cak ka karkata kai. Dole tun yana ɗan kwikwiyo a saba masa da a taɓa ƙafarsa da kunnensa, da ƙarar diraya, da hawa mota. Shi ya sa masu talla suka fi son ƙananan, ana ɗaukarsu a hannu, suna shiga hoto ɗaya da fuskar mutum, yara ba sa tsoronsu. Akwai wani ɗan kare irin Pomeranian mai suna Jiffpom da ke da miliyoyin mabiya a Instagram, har kundin bajinta na Guinness ya shiga a 2014 kan saurin tafiya da ƙafa biyu.

Kawu Idi: Toh ni bari in yi nawa, tunda na san masu sauraronmu na Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago za su tambaya. A Malikiyya da muka tashi a kai kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Suratul Ma'ida aya ta 4 ma ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Amma fa hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ladansa na raguwa kullum. Saboda haka wanda yake son shiga wannan harka ya je ya samu malaminsa tukuna, kar ya ce Kawu Idi ne ya ba shi fatawa a fodkas.

Bala: Gaskiya ne Kawu. Kuma mu Hausawa ai ba baƙin wasa da dabba ba ne, ga masu wasa da kura da biri da maciji da ke yawo gari-gari har nan Legas suna sayar da magani, wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu Pieter Hugo ya bi su tsakanin 2005 da 2007, hotunan suka zaga duniya.

Kawu Idi: Wannan kam da takunkumi da sarƙa da kulki ake yinsa, ni ban taɓa jin daɗin kallonsa ba, kura ba ta gida ba ce.

Sadiya: Shi ne abin da ke damuna da lokeshan ɗinmu a nan. A Amurka tun 1940 ƙungiyar American Humane ke sa ido a wurin ɗaukar fim, bayan wani doki ya mutu a shutin wani fim da ya fito a 1939, su ne masu rubutun nan na ƙarshen fim cewa ba a cutar da wata dabba ba. Mu kuma a yawancin wuraren da nake zuwa mai karen ce kaɗai ke tsaya masa. Ka san yanda shutin yake a Legas, a ce ƙarfe takwas ba za a fara ba sai azahar, ga goslo a gadar Third Mainland, ga wuta ta ɗauke esi ya mutu, fitilu kuma zafi kamar me. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, masu gajeren hanci irin su pug da French bulldog su suka fi shiga hatsari. Matar nan ta Lekki da ta ga nata ya fara haki sosai cak ta tsayar da aiki, furodusa na ta faɗa lokaci na tafiya, ta ce ko a ba shi hutu a inuwa ko ta ɗauki kayanta, dole aka jira.

Bala: Ta burge ni. Sannan ga maganar allura.

Sadiya: Eh, duk wanda zai kawo kare cikin mutane ya zo da katin rigakafinsa daga likitan dabbobi, musamman na ciwon haukan kare, don wannan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Kuma dan Allah ma'aikatan lokeshan ku daina jefa masa ragowar abinci, cakulan da albasa guba ne ga kare, kuma in ya ƙoshi da shinkafarku ba zai kula hantar mai shi ba, aiki ya tsaya kenan.

Kawu Idi: Wannan haka yake, mafarauci ma ba ya cika wa karensa ciki ranar fita daji.

Bala: Kawu in an kira ka tallan shayi aka ce da ɗan kare a kan cinyarka za ka yi?

Kawu Idi: A ƙasa dai kusa da ƙafata, kuma a biya ni fiye da shi.

Bala: Toh jama'a lokaci ya ci mu, ku turo mana ra'ayinku ta WhatsApp, musamman mafarauta da masu aiki a lokeshan, za mu karanto a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.