Amsoshin Tambayoyinku: Wutar AC a Lissafin Turjiyar Ƙasa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta yau daga wani ɗalibi ce mai nazarin binciken ƙarƙashin ƙasa. Ya ce yana da manhajar kwamfuta da ke kwaikwayon yadda lantarki ke ratsa ƙasa, amma an gina ta ne kan wutar DC mai bin hanya ɗaya, shi kuwa so yake ya gwada wutar AC mai kaiwa da komowa. Ta ina zai fara?

To malam, kafin ka taɓa manhajar, ɗauki biro ka yi lissafi ɗaya tak. Wutar AC tana raunana yayin da take kutsawa ƙasa, kuma ana iya sanin zurfin da take kaiwa kafin ta raunana sosai. Raba turjiyar ƙasar (wato yadda take hana wuta wucewa) da yawan juyin wutar a daƙiƙa (wato hertz), ka fitar da tushen murabba'i, ka ninka da 503, amsar a mita take. A ƙasa mai turjiyar ohm-mita 100, wuta mai hertz 1 tana kai kimanin kilomita 5. Idan ta kai hertz 10,000, mita 50 ne kacal.

Yanzu gwada wannan zurfi da tsawon filin da ka kafa turakunka na ƙarfe masu shigar da wuta cikin ƙasa. In filin mita 200 ne, wutar kuma hertz 1, ka huta. Warware lissafin DC sau ɗaya, sannan ka ninka sakamakon da ƙarfin wutar a kowane lokaci, domin ƙasa tana amsawa nan take. A ganina nan ne ɗalibai da yawa ke wahalar da kwamfuta a banza.

Amma in zurfin ya kusanci tsawon filin, dokar Ohm da lissafin DC ya dogara da ita ba ta isa ita kaɗai ba. Wutar da ke sauyawa tana haifar da maganaɗisu mai sauyawa, shi kuma ya tayar da wata wutar a cikin ƙasa, abin da Michael Faraday ya gano a 1831. Sai ka koma ga lissafin Maxwell na lantarki da maganaɗisu, ka warware na kowane adadin hertz daban, ka haɗa amsoshin da dabarar lissafi ta Fourier. Ka kuma ƙanƙanta gidajen ragar lissafinka, wato ƙananan sassan da manhajar ke raba ƙasa zuwa gare su, su gaza zurfin nan sosai.

Kada ka manta da yumɓu da duwatsu masu ma'adinan sulfaid. Suna riƙe caji na ɗan lokaci, har amsar ƙasa ta riƙa zuwa a makare. Tsarin Cole-Cole na 1941, wanda Pelton da abokan aikinsa suka ɗora kan duwatsu a 1978, shi aka fi amfani da shi wajen lissafa wannan jinkiri.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya: me ya sa na'urar awon DC ke juya wutarta? Malama, don kada caji ya taru a jikin turakun ƙarfen ne, kuma don a soke wutar da ƙasa ke da ita da kanta. Sai wasiƙa ta gaba.