Ɗan Rago a Waƙoƙin William Blake: Daga Unguwar Lambeth, Landan

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci. Yau ina kudu da Kogin Thames, a unguwar Lambeth ta birnin Landan, kan titin Hercules Road. A nan gidan William Blake, marubucin waƙoƙi kuma mai zane ɗan Ingila, yake a da, inda ya zauna daga 1790 zuwa 1800. An rushe gidan tuntuni, sai allon tunawa da aka manna a bango. Ku yi haƙuri da ƙarar jirgin ƙasa, layin da ke shiga tashar Waterloo ne ya ratsa ta nan. A ƙarƙashin gadar, ta titin Centaur Street, an kwaikwayi zane-zanensa da ƙananan duwatsu masu launi an jera a bango. Can zan tsaya mu yi magana.

Waɗanda suka yi jarrabawar adabi ta WAEC tsakanin 2016 da 2020 sun san sunan, domin waƙarsa "The School Boy" tana cikin manhaja. Amma yau maganar ɗan rago ce ta kawo mu, da dalilin da ya sa Blake yake haɗa shi da ƙaramin yaro sau da yawa a waƙoƙinsa.

Bari in matso da kyamara kan littafin da ke hannuna. Kwafi ne na shafin waƙar "The Lamb", wato Ɗan Rago, daga littafinsa Songs of Innocence, waƙoƙin tsarkin zuciya, na 1789. Kun ga ƙanƙantarsa, bai wuce tafin hannu ba. Ga yaro tsirara yana miƙa wa ɗan rago hannu, ga garken tumaki a gefe, ga bukka mai jinka da itace a bayanta, ga kuma ƙananan itatuwa biyu sun tashi dama da hagu sun yi wa rubutun rumfa. Rubutu da zane duk a faranti ɗaya suka fito, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Blake masassaƙin farantin ɗab'i ne, ya yi shekara bakwai yana koyon sana'ar a hannun James Basire tun daga 1772. Ga yadda yake yi. Zai ɗauki farantin jan ƙarfe ya goge shi tas, domin in akwai maiƙo rubutu ba zai kama ba. Sai ya rubuta waƙar da wani ruwa mai kauri da asid ba ya iya ci, kuma a juye yake rubutawa, daga dama zuwa hagu, don in an buga ta fito daidai. Daga nan sai ya yi wa gefen farantin katanga da kaki, ya zuba asid. Asid zai cinye duk inda babu rubutu, haruffa da zane su rage a tsaye. Zurfin bai kai milimita ɗaya ba. In aka bar asid ya daɗe, sai ya shiga ƙarƙashin siraran haruffa ya karya su. In aka kwashe shi da wuri, ramin ba zai yi zurfi ba, tawada ta taɓa ƙasa ta ɓata shafi. Bayan an buga, shi da matarsa Catherine sukan shafa launi da hannu, shi ya sa ba kwafi biyu da suka zama iri ɗaya.

To, ita kanta waƙar. Baiti biyu ne, kowane da ɗango goma, jimla ashirin, amsa-amo kuma bibbiyu yake tafiya. Ɗango biyun farko da biyun ƙarshe na kowane baiti gajeru ne, gaɓa shida-shida, suna aiki kamar amshi. Shidan da ke tsakiya gaɓa bakwai-bakwai ne. Baitin farko tambaya ce zalla: yaro yana tambayar ɗan rago ko ya san wanda ya halicce shi, ya ba shi rai, ya ciyar da shi a bakin rafi da makiyaya, ya tufatar da shi da laushin gashi, ya ba shi murya mai taushi. Baiti na biyu amsa ce, kuma yaron ne ya ba kansa. Ya ce mahaliccin da sunanka ake kiransa, domin shi ma ya kira kansa Ɗan Rago, mai tawali'u ne, ya kuma zama ɗan ƙaramin yaro.

Ku lura da abu biyu da ido kan tsallake. Ba a ambaci sunan Yesu ko sau ɗaya ba, an bar mai karatu ya gane da kansa. Sannan ɗangon da yaron ya ce shi yaro, kai ɗan rago, babu aikatau a cikinsa, an jera su ne kawai gefe da gefe. Nan alamtarwar take: yaro, dabba da mahalicci sun taru a suna ɗaya.

Wannan aƙidar Kirista ce, kuma da ita ake karanta waƙar. Mu Musulmi mun san Annabi Isa, alaihis salam, a matsayin manzo ne, amma mai nazari dole ya san inda marubuci ya tsaya kafin ya fahimci abin da yake faɗa. 'Yan uwanmu Kiristoci sun san tushen sarai, a Littafi Mai Tsarki yake. A Linjilar Yohanna 1:29 an kira Yesu Ɗan Rago na Allah. A Ishaya 53:7 an kwatanta bawan da ake zalunta da ɗan ragon da ake kaiwa mayanka, bai buɗe baki ba. A Fitowa sura 12 akwai ɗan ragon Idin Ƙetarewa na Isra'ilawa, wanda aka ce ya zama marar aibi. Duk ukun, yanka ne a ƙarshe. Wanda ya taɓa ganin yaro ya shaƙu da ragon layya, yana kai masa dusa da harawa har ranar Sallah ta zo, ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Babban kuskuren masu karatu shi ne su ɗauki waƙar ita kaɗai, su ce waƙar yara ce mai daɗi, su wuce. Gaskiya ne babu wuƙa a cikinta, babu mahauci. Amma yaron ne bai san da su ba, ba Blake ba. In kana son hujja, juya shafi zuwa "The Chimney Sweeper" a cikin littafin nan guda.

A Landan ta wancan zamani, yara ƙanana ake turawa cikin bututun hayaƙin gidaje su kankare kunkunniya, saboda ramukan sun yi wa babba ƙunci. Da gwiwa da gwiwar hannu suke hawa, fata ta saɓule har ta yi kanta. Wasu sukan maƙale, wasu su shaƙe. A 1775 likita Percivall Pott ya bayyana cutar daji ta fatar maraina da ke kama masu wannan aiki saboda kunkunniyar da ke zama a jikinsu. A 1788, shekara guda kafin littafin ya fito, majalisa ta yi dokar da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara takwas ba, amma ba a bi ta ba. Sai dokar 1875 ce ta kawo ƙarshen abin a zahiri.

A waƙar, mai magana yaro ne da mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa ya sayar da shi tun bakinsa bai gama iya magana ba. Abokin aikinsa ƙarami, Tom, yana kuka saboda an aske masa kai, kuma Blake ya ce gashin nan a nannaɗe yake kamar bayan ɗan rago. Kun ga inda ɗan ragon ya sake ɓullowa? Wancan mai laushin gashi da aka yi wa tambaya a bakin rafi, ga shi an yi masa sausaya. Babban yaron ya lallashe shi da cewa ai yanzu kunkunniya ba za ta ɓata masa farin gashi ba. Da dare Tom ya yi mafarkin dubban yara a kulle cikin baƙaƙen akwatunan gawa, mala'ika ya zo da mabuɗi ya sake su, suka yi wanka a kogi. Da asuba suka tashi cikin duhu da sanyi, suka ɗauki buhu da buroshi, suka koma aiki. Ɗangon ƙarshe yana cewa in kowa ya yi aikinsa ba abin da zai same shi. Wallahi wannan ɗangon yana da nauyi, domin maganar iyayengiji ce a bakin yaron da ya yarda da ita da zuciya ɗaya. Tsarkin zuciyarsa gaskiya ne, kuma da shi ake cutar da shi.

Haka yake a "Holy Thursday", inda aka jera yaran makarantun sadaka bibbiyu zuwa majami'ar St Paul, dattawa masu sanduna suna gaba, aka kira yaran tarin 'yan raguna. A "The Little Black Boy" kuma, wadda ta fito shekara biyu bayan kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan a 1787, yaro baƙar fata yana fatan ranar da shi da Bature za su yi wasa kamar 'yan raguna a gaban Ubangiji. Ni dai waƙar nan tana sosa mini rai, domin yaron yana jiran sai ya yi kama da Baturen kafin a so shi. Masana sun rabu kan ko Blake yana sukar wannan tunani ne ko shi ma bai kuɓuta daga gare shi ba. A ganina duka biyun suna ciki.

A 1794, a nan Lambeth, Blake ya haɗa waƙoƙin farko da sababbi, Songs of Experience, wato waƙoƙin wanda ya ga duniya, ya ce suna nuna halaye biyu masu karo da juna na ran ɗan Adam. Cikakken littafin faranti 54 ne. Abokiyar "The Lamb" a ciki ita ce "The Tyger", waƙar damisa: baiti shida, ɗango huɗu-huɗu. A can rafi ne da ciyawa, a nan maƙera ce, da guduma da sarƙa da wuta da uwar maƙera. A can an yi tambaya an amsa, a nan tambayoyi ne a jere babu amsa ko ɗaya. A baiti na biyar aka tambayi damisa ko wanda ya yi ɗan rago shi ne ya yi ta. Baitin ƙarshe maimaicin na farko ne, kalma ɗaya kawai ta sauya: da farko wa zai iya ƙera ta, a ƙarshe wa zai yi ƙarfin halin ƙera ta.

Ga ɗalibai masu rubuta amsa, kada ka rubuta cewa ɗan rago alamar tsarki ne ka ajiye alƙalami. Fara da wanda yake magana, yaro ne ko babba. Nuna abin da ya sani da abin da ya ɓoyu gare shi. Kawo ɗangon da ya tabbatar da hakan, sannan ka nemo abokiyar waƙar a ɗaya ɓangaren, domin "The Chimney Sweeper" da "Holy Thursday" kowace tana da ta biyu mai suna iri ɗaya a littafin 1794, kuma a can muryar ba ta lallashi. Kada kuma ka ce damisa mugunta ce, ɗan rago alheri, Blake bai raba su haka ba. Ka duba zanen ma, kada ka tsaya a rubutu. William Blake Archive ya ɗora kwafe-kwafen a intanet kyauta, kana iya jera shafi ɗaya daga kwafi daban-daban ka ga yadda launi ke sauya yanayin waƙa: a wasu sararin sama garau yake, a wasu ya yi duhu. Yanzu zan bi bangon nan a hankali da kyamara ku ga zanen ɗaya bayan ɗaya.